Kwafi Ɗaya Tal

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, gidan ya koma daga mu sai mu, Inna ta fita takaba, sai ta nemi abu guda. Ba ta yi maganar rufin da ke yoyo ba, ba ta tambayi yadda za a yi da shagon Baba da ke kulle ba. Muna zaune a ƙofar ɗakinta, ni ina ninke wanki, ƙanena Auta yana latse-latsen waya kamar kullum, sai ta ce, "Auta, abin nan da ka yi da rediyoyin ubanku. Ka kai ni in ji muryarsa."

Auta bai ɗago kai ba. Yatsansa dai ya tsaya cak a kan wayar.

"To, Inna," ya ce.

Ni na goya yaron nan, na san ire-iren "to" ɗinsa. Akwai na gaske, akwai na rabu-da-ni, akwai kuma wanda yake yi in cikinsa ya ɗuri ruwa. Wannan na ƙarshen ne.

Baba mai gyaran rediyo ne. Ya yi sana'ar tun ana layi a ƙofar shagonsa har lokacin da kowa ya koma jin labarai a waya, ya rage daga tsofaffi sai masu gadi ke kawo masa aiki. Shagon a jikin gidanmu yake, ɗan tsukuku, benci ɗaya, ƙwan lantarki ɗaya, gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi, da warin narkakkiyar dalma wanda ko sau nawa aka wanke rigarsa ba ya fita. Da mutane ba shi da magana. In ya kira ni a waya, "Kin isa? To," sai ƙit. Wayar ma mai maɓallai ce, bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba, yana cewa wannan aikin marasa abin yi ne. Amma a bar shi da matacciyar rediyo a gabansa, sai ka rantse da baƙo yake hira. Ya yi mata faɗa, ya lallashe ta, ya tambaye ta wa ya yi mata wannan aika-aikar. "Haba 'yar nan, ni za ki yi wa taurin kai? Uwarki ma ni na gyara ta."

Auta kuwa, mun tura shi karatun zane muna zaton zai dawo yana zana mutane ko furanni, abin da za a rataya a falo a ce ga aikin ɗanmu. Sai ya dawo yana rataye cokula a silin, yana haska hotuna a jikin jiƙaƙƙen bango, yana wuni a gaban kwamfuta. In maƙwabta suka tambaye ni sana'arsa, cewa nake aikin kwamfuta yake yi, don ba ni da ƙarfin dogon bayani. Ni a kemis nake aiki, abin da na sani a faɗi ciwo in miƙa magani. Na daɗe ina ganin yaron nan ɓata wa kansa lokaci yake, kuma ban ɓoye masa ba.

Wata rana ya shiga shago ya roƙi Baba rediyoyin da masu su suka kawo gyara ba su waiwayo ba. Suna nan jibge a saman kanta, wasu ma sun girme shi. Ya kuma nemi a bar shi ya ajiye ɗan rikoda a gefen benci. Baba ya juya abin a hannu ya ce, "In dai ba za ta ci min wuta ba, ajiye." Kafin kwana biyu ya manta da ita, ya ci gaba da hirarsa. Haka rikodar ta yi ta haɗiyar maganganun Baba wata da watanni.

Auta ya zauna ya yayyanka maganganun, ya zaɓi waɗanda yake so. Kowace rediyo ya buɗe cikinta ya sa mata ɗan katin memori mai ɗauke da nata rabon, ya kuma liƙa mata wani ɗan ido mai jan haske wanda ke gane mutum ya matso. In kana nesa, shiru. In ka matso, sai Baba ya yi magana.

A wani gidan baje kolin zane-zane aka nuna aikin, wani farin zaure mai sanyi, na wata mata da Auta ke kira Madam. Na je ne don kada a ce ba kowa nasa. Rediyoyin na lilo a jikin siraran wayoyi daidai kunnen mutum, babu komai a ɗakin sai su. Na matsa kusa da ta farko ina shirin taɓe baki, sai na ji tarin Baba, gajeren tarin nan da yake yi kafin ya sa tabarau. A ta gaba yana ƙunƙuni yana neman sukundireba. A wata kuma yana rera wani abu ƙasa-ƙasa, mutumin da ban taɓa sanin ya iya waƙa ba. Can a kusurwa akwai wata ruwan ƙasa mai ɗaurin roba a mariƙinta, ina matsawa na ji ya ɗaga murya: "Shugaba! Shayin nan yana hanya ne, ko sai na zo na durƙusa?" Ta taga yake kiran Inna, kuma Shugaba yake ce mata in yana cikin nishaɗi. Na tsaya a wurin na sha kuka kamar sakarya, alhali mutumin yana gida lafiyarsa ƙalau, na baro shi yana cin abinci. Daga ranar ban sake ce wa Auta yana ɓata lokaci ba.

Baba ya je sau ɗaya. Ya zagaya hannu a baya, ya ji kansa yana faɗa da rediyo. Da zai fita ya miƙar da wata eriya da ta lanƙwashe. Amma tun daga lokacin duk wanda ya shigo shago sai ya sha labarin "aikin yaron nan". Inna kuwa ƙememe ta ƙi zuwa. "In ɗauki ƙafa in je jin mutumin da ke cika min kunne ta taga? Ku dai ku je, ku gaishe shi."

Sai ga mai saye. Wani attajiri ne mai tara irin waɗannan ayyuka, wanda in ya sayi naka, an ce sunanka ya shiga sahun manya. Madam ta zaunar da Auta ta yi masa bayani, shi kuma ya kawo min bayanin gida ɗumi-ɗumi. Zane a kan ƙyalle ɗaya ne a duniya, amma murya a kwamfuta ko yaro zai iya kwafe ta sau dubu, kuma babban mutum ba ya ajiye abin da kowa ke da shi. Don haka suna da ƙa'ida a tsakaninsu. In aka ce aiki kwafi ɗaya tal ne, mai aikin zai goge duk sauran da ke hannunsa, a gaban mai saye, ido da ido.

Har biki suka yi wa abin. An jera lemo a tebur, an kira masu ɗaukar hoto, an ajiye kwamfutar Auta a tsakiya an haska fuskarta a bango don kowa ya shaida. Ni na kawo masa rigar da na goge masa. Ina gyara masa wuya na raɗa masa, "Kai, ka ɓoye guda mana. Wa zai sani?"

"Yaya, sunana ne a kai," ya ce. "In aka ji na yi ajiya, na gama yawo a harkar nan."

"To in ka buƙace shi fa?"

Ya yi dariya. "Baba yana nan, surutu kuma ba ya ƙare masa. Gobe ma in na so sai in sake ajiye rikoda."

Ya goge na cikin kwamfuta. Ya goge na cikin rikoda. Ya shiga ma'ajiyarsa ta intanet ya goge na can, har kwandon shara ya zazzage. Kwamfutar ma ta fi su hankali, sai da ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna, aka yi tafi. Ni ma na tafa, tun da kowa na tafawa, amma ban taɓa ganin inda ake yi wa mutum tafi don ya zubar da abu ba sai ranar.

Goben da ya ce ba ta zo ba. Sunan nasa ya fita kamar yadda aka ce, yau an gayyace shi nan, gobe can, ya zama sai a waya muke ganinsa tsaye kusa da mutanen da ba mu sani ba. Rikodar na cikin jaka. Ana nan zazzaɓi ya kwantar da Baba. Na ba shi abin da ake bayarwa, bai sauka ba, muka kai shi asibiti, suka sa masa roba a baki. Ko sallama bai samu yi mana ba. Allah ya jiƙansa.

Kafin Inna ta yi maganar, ni na riga na bincike wayoyin gidan kaf. Na duba tawa, na duba ta mijina, na tambayi 'yan uwa. Hotuna akwai, yana tsaye ƙiƙam kamar an tilasta shi. A bidiyon aurena ya fito, bakinsa na motsi yana gaya wa wani abu, amma kiɗa ya danne. Mutum ya yi shekaru yana magana a gidan nan, a ce duk duniya muryarsa ba ta ko'ina sai cikin rediyoyin da aka sayar. Na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Washegarin ranar da Inna ta yi maganar na raka Auta wurin Madam. Zauren ya canza, yanzu wasu manyan allunan talabijin ne a bango, ruwa na zuba a cikinsu daga ƙasa zuwa sama. Madam ta taso ta riƙe hannun Auta da hannu biyu, ta yi ta'aziyya mai kyau, har idonta ya kawo ruwa. Ina cewa a raina ashe matar na da kirki, sai ta rage murya.

"Ka san kuwa yanzu aikin nan darajarsa ta ƙaru? Tun da mai muryar ba ya nan, ba za a taɓa yin irinsa ba."

Da ba don Auta ya taka min ƙafa ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba a farin zauren nan.

"Ranki ya daɗe, ba wannan ya kawo mu ba," ya ce. "Mahaifiyarmu ce ke son ta ji. Sau ɗaya kawai. Ki roƙa mana shi ya bar mu mu shiga."

Madam ta gyara tabarau. Ta ce ai aikin ba ya hannun attajirin, ya daɗe da rabuwa da shi. Irinsu ba sa zama da abu, in suna ya tashi sai su saki, su kama wani. Ko akwatunan bai buɗe ba.

"Bai ma saurara ba?" na tambaya.

"Ya saurara ranar da ya saya," ta ce da ni, a hankali, yadda ake yi wa wanda bai je makaranta ba.

Wa ya saya? Ta ce ba a faɗa, sirrin ciniki ne. Auta ya yi ta magiya. Yaron da ake ɗauka hoto da manya, ga shi yana murza hannu yana "don girman Allah, Madam". Na kau da kai don ba na son gani. Da ƙyar ta ce wani sabon otal ne ya kwashi ayyuka da dama don ƙawata wurinsa, namu na ciki, an rataye shi a falon karɓar baƙi. "Ai ma gara haka," in ji ta. "Jama'a na gani, ba a kulle a sito yake ba."

Wallahi da muka fito sai na ji kamar an sauke min kaya. Falon otal ai kowa na iya shiga. Auta ya kira su a hanya, wata murya mai daɗi ta ce a zo kowane lokaci, rediyoyin suna nan, suna ma aiki. Ya ce min zai fara leƙawa shi kaɗai ya ga yadda suka kafa su. To gidanmu babu sirri, bangon ma kunne gare shi. Muna shiga Inna ta karanta fuskarmu.

"An samu?"

"An samu, Inna. Bari in fara zuwa in duba, jibi sai..."

"Jibin wa? Yau za ka kai ni."

Ta shige ɗaki. Tun rasuwar ban ga ta buɗe akwatinta ba, ranar ta buɗe. Ta ɗauko mayafin da take adanawa, ta shafa mai, ta sa turare har yana biyo ta tsakar gida. Ta tsaya gaban madubi tana gyara ɗauri, ta kwance, ta sake. Na ce, "Inna, rediyo fa ba ta gani." Ta ce in rufe mata baki in nemo mata takalminta.

A cikin tasi ta zauna tsakiyarmu, jakarta a cinya. Da muka wuce kasuwa sai ta taɓo ni.

"Ke da kika ji, me yake cewa a ciki?"

"Faɗa da rediyo mana, me kika sani."

"Shi ke nan?"

"Akwai wadda yake kiranki."

"Ni? Da me ya kira ni?"

"A'a, ba zan ɓata miki ba. Sai kin ji da kunnenki."

Ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya, irin ta 'yan mata. Ita ce dariyarta ta farko tun da muka dawo daga asibiti. Auta ma ya murmusa, ya jingina kai da gilashi. Direban ya leƙo mu ta madubi ya ce da alama biki za mu, Inna ta ce masa kusan haka ne.

Otal ɗin duk gilashi ne, ƙofar da kanta take buɗewa. Inna ta ja baya da ta buɗe, sannan ta shige da sauri kafin ta canza shawara. Ciki sanyi, ƙasa na sheƙi, ga kujeru masu laushi, ga furanni a manyan tukwane. Muna ɗaga kai muka ga rediyoyin. An goge su tas, an yi musu da'ira a tsakiyar falon, an haska su da fitilu masu launin zuma. Gaskiya sun yi kyau, sun fi yadda suke a shago kyau nesa ba kusa ba. Jajayen idanun nan na nan suna ƙyaftawa.

Inna ta gane su ɗaya bayan ɗaya. "Ga ta mai gadin makaranta. Ga wadda ta ƙone masa yatsa." Ta saki hannuna. Ta gyara mayafi, ta taka a hankali zuwa ta kusa, ta yi sallama ƙasa-ƙasa kamar mai shiga ɗakin mutane.

Idon ya ƙyafta. Sai wani kiɗa ya fito, siriri, mai sanyi, irin wanda ake sa wa mutum a waya in an ce ya jira.

Ta waiwayo ta dube mu. Ta matsa ta gaba. Kiɗan ne dai. Ta gaba ma shi ne.

Ban san lokacin da Auta ya bar gefena ba. Na gan shi yana bin da'irar da sauri, yana kai kunne jikin kowace, yana wucewa, har wani baƙo mai jan akwati ya kauce masa. Ya zagayo inda ya fara. Ya nufi teburin karɓar baƙi, na bi shi. Yarinyar wurin ta ce ita ba ta san komai ba, amma an yi sa'a mai tsara adon otal ɗin yana nan, yana can yana auna labule. Ta kira shi.

Ya zo da abin awo rataye a wuya, matashi mai fara'a, sa'an Auta. Da ya ji ko wane ne, sai ya kama hannunsa yana girgizawa.

"Kai ne mai rediyoyin? Kai, yallaɓai, na ji daɗin ganinka! Ka ga duk kayan da aka kawo, naka na fi so. Ni na ce a sa shi a tsakiya. Kowa ya shigo sai ya ɗauki hoto."

"Ina muryar?" in ji Auta.

"Wace? Au, tsohon nan?" Ya yi 'yar dariya. "Ka san otal. Makon farko mun bar shi. To baƙo ya iso a gajiye, yana wucewa sai ya ji tari a saman kansa, ko wani na cewa ni za ki yi wa taurin kai. Wata mata sai da ta yar da jaka ta ruga waje. Manaja ya ce ko a sauke su ko a yi musu dabara. Ni kuwa na ce wannan aikin ba na saukewa ba ne, sai na sa musu kiɗa. Idon ma ban taɓa ba, ka ga yana aiki yadda ka tsara."

Yana faɗa yana kallon Auta, yana jiran a gode masa.

"Katunan da ke ciki," Auta ya ce. "Kun cire kun sa wasu, ko? Suna ina?"

"A'a, su ne dai. Masu kyau ne ai. Na wanke su tas na ɗora kiɗan a kai. Da ƙyar ma ya shiga, sai da ya cika su maƙil."

"Duka?"

"Duka mana. Ni ba na rabin aiki."

"Ba ka kwafe na ciki ba kafin ka goge?"

Nan ne fara'ar ta ɗan ragu. Ya dubi Auta, ya dube ni. "In kwafe in kai ina? Ai na san asalin na wurin mai aikin. Wa ke yin abu a kwamfuta bai ajiye ba? Kana da shi, ko? In an tashi mayarwa sai ka turo min kawai, aikin minti kaɗan ne."

Na so in shaƙe mutumin nan da abin awon da ke wuyansa, amma me ya yi? Abin da kowa zai zata ya zata. Su can sun goge don ya zama ɗaya, shi nan ya goge don ya tabbata akwai dubu. Kowa da hujjarsa mai kyau, ubana ne kawai babu.

Na ja Auta gefe. "Ba a dawo da irin wannan? Na ji ana dawo da hotunan da aka goge a waya."

"In ba a ɗora wani abu a kai ba," ya ce. "Wannan an cika shi, Yaya. Babu wurin da ya rage."

"A gwada mana. A kai wa masu gyara."

"Ni ne mai gyaran. Na san abin da nake faɗa miki."

Mai adon ya fara fahimtar akwai matsala. Ya ce ko a kawo mana ruwa, ko lemo, otal ne zai biya. Ya ce in muna so zai yi wa manaja magana a rubuta sunan Auta a ɗan allo a jikin bango, dama ya daɗe yana cewa ya kamata. Ya tsaya jim, ya ce bari ya je ya ƙarasa labulen, ya tafi yana waiwaye.

"Kai za ka gaya mata ko ni?" na tambayi Auta.

Ya juya ya nufi ƙofar gilashin, ta buɗe masa, bai fita ba. Ya tsaya a bakinta ya ba mu baya, kafaɗunsa na motsi, ƙofar na rufewa tana buɗewa saboda shi.

Ni ce babba, komai ɗacinsa a kaina yake ƙarewa. Na nemi Inna. Ta samo rediyon nan ruwan ƙasa mai ɗaurin roba, robar ma ba su cire ba. Ta jawo wata kujera mai laushi har ƙarƙashinta, ta zauna a bakin kujerar, ba ta jingina ba, jakarta a cinya, ta ɗan karkata kai. Kiɗan na zuba a kanta. Na durƙusa a gabanta, na dafa gwiwarta. Na shirya maganar a bakina, yadda nake shirya wa mai saye in maganin da yake nema ya ƙare.

"Inna..."

Ta ɗaga min hannu. "Yi shiru mana. Bari waƙar ta ƙare."

"Inna, ki saurare ni."

"Ke ba ki san halinsa ba? Ubanku ba ya katse rediyo in tana yi. Sai ta yi shiru yake magana. Ko labarai ake, sai an gama zai ce a miƙo masa ruwa." Ta matsa ta ba ni gefen kujerar. "Zauna. Kin cika gaggawa, tun kina ƙarama."

Na zauna. Turarenta ya cika min hanci. Mutane na wucewa da akwatunansu, wasu 'yan mata biyu suka tsaya gefenmu suka ɗauki hoto da rediyoyin, ɗaya ta ce mu ɗan sunkuya kada mu fito. Inna ta sunkuya.

Kiɗan ya yi ta raguwa, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Falon ya yi tsit. Inna ta miƙe zaune, ta kai hannu ta gyara ɗaurinta, ta damƙe yatsuna har na ji zafi.

Sai kiɗan ya sake farawa daga farko.

Ta saki numfashi a hankali. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma saki hannuna ba.

"Doguwa ce," ta ce. "Ba komai. Mu jira."